Wasan Taubashi a Bakin Lasifika

Tun da ɗan kawuna ya dawo daga yaƙi bai sake zagina ba. Wanda bai san mu ba zai ce ai wannan alheri ne. To, ba alheri ba ne. Taubashina ne, mahaifinsa da mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun muna yawo ba wando ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba sai ɗaya ya ci mutuncin ɗaya. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana. In na je Miga sai ya ɓoye mini takalmi a cikin rumbu, in ya zo Dutse in zuba masa barkono a fura. Manya na gani suna dariya, don haka suka tarar ana yi, ba mai fushi. Yau ga shi mun tsufa, in na shiga gidansa sai ya miƙe ya shimfiɗa mini tabarma, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam." Wannan "Malam" ta fi mini mari zafi, kuma ni na jawo wa kaina da bakina.

A shekarun da Turawa ke babban yaƙinsu na biyu, ni ne bakin majigi a ƙasarmu. Bari in faɗi yadda aikin yake, don 'yan yanzu ba su san shi ba. Babbar mota ce take shiga gari da la'asar, a kafa sanduna biyu a filin kasuwa ko a ƙofar gidan dagaci, a ɗaura farin ƙyalle a tsakaninsu. In an idar da sallar magariba sai a ta da inji, haske ya fito daga bayan motar ya sauka a kan ƙyallen, sai ga mutane suna motsi. Amma hoton ba ya jin Hausa. Dole a sami wanda zai tsaya a gefe da lasifika yana gaya wa jama'a abin da suke gani. Ni ne wannan mutumin.

Ba ilimi ne ya ba ni aikin ba. Na yi karatun allo daidai gwargwado, na yi elementare shekara uku, Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Murya ce da ni. Wani Bature ya ji ni ina faɗa da mai dabino a kasuwar Dutse, daga wancan ƙarshen kasuwa ya jiyo ni, ya sa aka kira ni. Kwana biyu sai ga ni cikin kaki da gajeren wando da takalmi sau-ciki, ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba.

Faifai ɗaya ne muke yawo da shi a wannan kakar. A cikinsa baƙaƙen sojoji ne jere cikin sabbin kaya, suna cin shinkafa da nama a kwanon tasa, likita na duba musu haƙora. Can sai a gan su suna hawa wani tudu da gudu cikin hayaƙi, a ƙarshe su kafa tuta a samansa suna dariya. Shi ke nan. Abin da muryar cikin faifan ke faɗa da Turanci, direbanmu ne ya gutsura mini kaɗan, sauran kuwa daga cikina nake ƙirƙirowa.

Ran da zan fara, Baturen ya zaunar da ni, direba na fassara. Ya ce kowace al'umma da halin da aka halicce ta da shi. Mutanensa haƙuri gare su da cika alkawari. Abokan gabansu kuwa mugunta ce a jininsu, ba su san tausayi ba. Mu kuma, in ji shi, da jarumtaka ake haihuwarmu, Bahaushe ba ya juya wa maza baya. Wai abin da zan riƙa tuna wa jama'a ke nan.

Har yanzu in na tuna wannan zama sai zuciyata ta tafasa. Turawan nan su ne fa waɗanda suka zo suka karɓe makaman kakanninmu. Takobin kakana a gidan maƙeri ya ƙare, lauje aka yi da shi. Shekara da shekaru sun hana namiji ya rataya ko kwari da baka a kasuwa. Sai da wuta ta kama gidansu suka tuna wai mu jarumai ne! Amma fushin da nake yi da Baturen bai kai wanda nake yi da kaina ba, don shi aikinsa ya yi, ni ne na buɗe baki na haɗiye, har ina jin ƙirjina ya ƙara faɗi. Sai daga baya na gane ba jarumtakarmu ya sani ba. Kunyarmu ya sani. Ya san manomin ƙasarmu ba ruwansa da tutar kowa, amma ya gwammace ya mutu da a yi masa dariya a gaban mata.

Ni kuwa na fi shi sanin inda kunyar take. Akwai wani sajen soja da ke bin mu, yana kafa teburinsa da fitila a gefen fili, yana jiran masu shiga soja. In na ga teburin ba kowa, sai in yi dabarata. A Buji in nuna sojojin in ce, "Kun ga waɗannan? Samarin Dutse ne, sun riga ku." A Taura in ce 'yan Miga ne. Fuskokin ba sa fita sosai a ƙyalle, wa zai ƙaryata ni? Ni kaina ban san ko 'yan wace ƙasa ba ne. Kuma akwai wani abu a faifan da ni kaɗai nake zaton na lura da shi. Lokacin da ake hawa tudun, can gefen hagu, wani soja yana faɗuwa rub da ciki, bai kuma tashi ba har hoton ya wuce. Duk sanda aka zo wurin sai in ɗaga murya in ce, "Ku dubi dama! Ku dubi mai tuta!" Idanu duka su koma can. Ba wanda ya koya mini wannan. Ni na koya wa kaina.

Muka iso Miga ana gobe kasuwa, an gama yankan gero, dammuna jibge a gonaki. Ina tsaye ina ba da umarnin inda za a kafa sanduna, sai na ji murya a bayana.

"Kai, jama'a, ku zo ku ga bawana! Wa ya yanke maka wando, ɗan Gwaggo? Ko yadin ne ya ƙare?"

Na juya, ga ɗan kawuna nan da lauje a kafaɗa, ƙato, yana washe baki.

Na ce, "Gafara can, baƙauye. Wannan kayan hukuma ne."

"Hukumar ba ta ga gwiwoyinka ba kafin ta ba ka? Wallahi kamar na zabo. Zo in ara maka zanin matata ka rufa asiri."

Fili ya ɗauki dariya. Direba ya yi, saje ma ya yi, har Baturen da bai ji komai ba ya murmusa yana kallon ƙafafuna. Ni ma na yi dariya, don haka wasan yake. Amma ta ciki ta yi mini ciwo. Da a cikin riga da hula ya same ni, da ko a jikina. Kakin ne ya sa fatata ta yi laushi.

Akwai wani tsohon labari da nake tsokanarsa da shi. Muna samari aka bar shi gadin dammunan gero a gona, ya ji motsi da huci a cikin kara, ya ɗauka kura ce, ya ɗare kan kanya. A can ya kwana. Gari na wayewa ya duba ƙasa, sai ga jakin ubansa yana cin kara. A cikin gida kowa ya san labarin, shi ma yakan ba da shi da kansa yana dariya. Amma bai taɓa fita zaure ba.

Bayan magariba fili ya cika. Maza a gaba a kan buzu da tabarmi, mata a gefe ɗaya. Na hango shi a tsakiya, na hango surukinsa, uban matarsa, a layin dattawa kusa da dagaci. Matar tasa kuma tana cikin mata da goyon 'yarsu ta fari. Aka sa faifai. Na yi ta kirari, na ce 'yan Taura ne, na ce ana can ana rabon suna ba da Miga ba. Aka yi gunaguni, amma ba wanda ya motsa. Saje ya harare ni. Baturen ya duba agogonsa. Sai idona ya sake faɗawa kan ɗan kawuna, na ga yana nuna wa na kusa da shi gwiwoyina suna ƙyalƙyatawa.

Na kai lasifika baki na ce, "Ina bawana? Ina gwarzon da ya kwana a kan kanya saboda jakin ubansa? Ga shi can a tsakiya, ku dube shi da kyau! Mutanen Miga, in irinsa ne mazanku, ku aika Taura a aro muku maza kafin damina."

Ban taɓa jin dariya irin ta wannan rana ba. Har guɗa wata ta yi daga cikin mata.

Ga inda laifin yake, kuma na daɗe kafin in iya faɗarsa dalla-dalla. Wasan taubashi ba zagin ne ke riƙe da shi ba, ramuwar ce. Ka jefa, a jefo maka, a tashi ba wanda ya fi wani. To ni na jefa da lasifika, shi kuwa bakinsa kawai gare shi. Na ga ya miƙe, na ga leɓɓansa suna motsi, na san ramawa yake yi, wataƙila ma abin da ya faɗa ya fi nawa daɗi. Amma ƙarar inji da dariyar mutane suka haɗiye shi. Ba wanda ya ji. Abin da Miga ta ji shi ne muryar hukuma ta kira shi matsoraci a gaban surukinsa.

Dattijon ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya fita daga filin bai dubi kowa ba. Ɗan kawuna ya bi shi da ido. Sannan ya ratsa mutane, ya bi ta cikin hasken, inuwarsa ta rufe sojojin da tutarsu gaba ɗaya, ya isa teburin saje ya dangwala yatsa a takardar shiga soja. Wasu samari suka bi bayansa. Baturen ya zo ya bubbuga kafaɗata. Na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Da safe, rana ta ɗan ɗago, ina shan koko a masaukinmu, sai ga Kawu. Shi kaɗai ya zo, da sandarsa. Na durƙusa na gaishe shi, bai bari na gama ba.

Ya ce, "Tashi, ɗana, lokaci ya ƙure. Da hantsi motar da za ta kwashi sabbin sojan za ta tashi. Na je wurin dagaci, ya ce takardar ba ta bar garin nan ba, kuma in saje ya ji cewa shi kaɗai ne babban ɗana, zai iya cire shi. Yaron ne ya ƙi. Ya ce ba zai zauna a garin da ake nuna shi da baki ba."

Na ce, "Kawu, ai wasa ne. Shi ma ya sani."

"Shi ya sani. Gari ne bai sani ba. Yau kasuwa. Ka ɗauki abin nan naka mai ƙara, ka tsaya inda ka tsaya jiya, ka ce taubashinka ne, wasa kake yi. Ka bar shi ya rama a ciki, a yi dariya, a watse. Surukinsa ya ce in aka yi haka shi ba shi da magana."

Na fara kame-kame. Na ce lasifika ba ta aiki sai an ta da inji, inji kuma sai da izinin Bature.

Ya ce, "To bar injin. Muryar da Allah ya ba ka fa? Daga nan ana jin ka a bakin rijiya."

Gaskiya ya faɗa. Amma na hango kaina tsaye a kasuwa ina janye maganata, saje na kallo, samarin da suka bi shi su ma suna neman a cire su, Baturen yana karɓe kakinsa. Na hango komawata Dutse cikin tsohuwar rigata.

Kawu ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin kansa a buɗe ba sai ran nan, furfura fat. Ya ce, "Ɗan ƙanwata, roƙonka nake yi."

Na dubi ƙasa na ce, "Kawu, aikin hukuma ne, ba ni da iko."

Ya daɗe yana kallona. Ya mai da hularsa, ya ce, "To. Allah ya ba hukuma lafiya." Ya juya.

Zagin da na yi a fili, ina iya cewa zafin zuciya ne. Wannan na safe kuwa da hankalina na yi shi, cikina cike da koko. Da motar sojan za ta tashi ban ma fito ba, na shige bayan motarmu ina naɗe wayar da ba ta bukatar naɗi.

Damina huɗu ɗan kawuna ya yi a wajen yaƙi. Kawu ya riƙa noman gonar shi kaɗai, kowace shekara yana rage kunyoyin noma, daji na cinye sauran. A damina ta uku ya rasu bai ga ɗansa ba. Na je jana'iza, aka ba ni wuri a sahun gaba don ina ma'aikaci. Inna kuwa ta daina cin duk abin da na kawo gida. Ba ta yi mini faɗa ba, sai dai in ga an miƙa wa maƙwabta. Kada mai karatu ya zaci wannan ya sa na daina. Ban daina ba. Na ci gaba da yawo da faifan nan gari gari, ina cewa a dubi dama, a dubi mai tuta.

Da labari ya zo cewa ya dawo, na hau keke na tafi Miga. Na tarar da zauren gidansu cike da 'yan barka. Yana zaune a jikin bango, ya rame, kunnensa na hagu ya daina ji, sai ya karkato da kai in ana magana. Na shiga da shirina, na ce ko me ya jefo mini zan karɓa, ko da a gaban mutane ne. Har gajeren wandon na sa da gangan.

Ya ɗago ya gan ni, ya matsa gefe, ya ce, "Malam ne? Sannu da zuwa. A ba Malam wuri."

Na zauna kamar an zuba mini ruwan sanyi.

Wani dattijo ya ce, "To soja, ba mu labari. An ce kun ci yaƙi."

Ya ce, "Haka aka ce mana, Baba."

"Ƙasar da kuka ci, tana da kyau? Ana noma?"

"Daji ne da ruwan sama da tsutsa mai shan jini. Akwai wani tudu da muka yi kwanaki muna hawa. Wanda muka tafi da shi daga nan unguwar, ɗan gidan mai jimar fata, a gindinsa muka binne shi. Da muka kai sama ba kowa, ba komai, sai ramuka. Muka kwana uku aka ce mu sauka."

"Ku sauka? To wa aka bar wa tudun?"

"Birai, Baba."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Wani saurayi ya ce, "An ce mutanen can ba su da imani, wai mugunta a jininsu take."

Ya ce, "Wa ya faɗa?" Bai dube ni ba. "Na juya gawar ɗayansu ina neman ruwa a gorarsa. Na ga tafin hannunsa. Kanta ce irin tawa, ta mai riƙe fartanya. Na ce wannan ma wani ne ya yi masa dariya a garinsu."

Ba wanda ya sake tambaya.

Bayan kwana biyu na bi shi gona. Yana sassabe dajin da ya cinye gonar Kawu, ga kanyar nan tsaye a tsakiya. Na tsaya ta wajen kunnensa mai ji, na faɗa masa komai, har zuwan Kawu da cire hula, don ban san ko an gaya masa ba.

Ya ce, "An gaya mini."

Na ce, "Ka yafe mini, don Allah."

Ya dogara da gatarinsa. "Malam, in tambaye ka. Mutumin nan na cikin faifanka da ke faɗuwa a gefen hagu, ya tashi kuwa daga baya?"

Na ce, "Ka gan shi?"

"Na gan shi. Ina kallonsa ka ce a dubi dama. A nan na san kai ma ka gan shi. A can na yi ta tuna shi. Nakan ce ko shi wa ya gaya wa uwarsa."

Na ce, "Ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba."

Ya gyaɗa kai. "Na yafe maka. Duniya da lahira. Ka gaya wa Gwaggo ta ci abincinka."

Na ce, "To zage ni."

"Na'am?"

"Ka zage ni! Ga gwiwoyina, ga wandon, ga bakina. Ka rama, ai kana bina ramuwa."

Ya dubi gwiwoyin nawa sosai, kamar mai neman wani abu da ya ajiye ya manta. Sannan ya ce, "Ba abin da ya same su, Malam." Ya ɗaga gatari ya ci gaba da saran kargo.

Ina so in ce daga ranar na ajiye aiki, amma ƙarya ce. Sai da na ƙara shekara biyu, har faifan murnar cin nasara na yi wa bayani, ina ta kirari. Ran da za a nuna shi a Miga ne kawai na ce maƙogwarona na ciwo. Daga baya aka samo wanda ya fi ni Turanci aka sallame ni. Ba nadama ce ta cire mini kaki ba, cire mini aka yi.

Sau ɗaya na shiga gidan sinima bayan haka, a Kano, shekaru da yawa baya, wani ɗana ya ja ni. Fim ɗin yaƙi ne. Wasu mutane ne daban, wata tuta ce daban, amma ga tudun nan, ga hayaƙin, ga masu kirki a gefe ɗaya, ga waɗanda aka haifa da mugunta a ɗaya gefen. Yanzu ba sa bukatar irina, kiɗa ne ke gaya wa ido inda zai duba. Samari na ta tafi da ihu. Ni kuwa gefen hagu nake kallo, kuma suna nan, suna ta faɗuwa, ba mai ƙirga su. Na miƙe na ce da ƙarfi, "Ku dubi waɗancan! 'Ya'yan wasu ne!" Aka ce tsoho ya zauna yana tare wa mutane. Ɗana ya ja ni waje yana ba da haƙuri. Muryar da ta tura mutane yaƙi, ran da ta faɗi gaskiya ko layi ɗaya ba ta juya ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne har yau in ana hira sai ka ji wani ya ce, mu ai jarumai ne, kakanninmu sun je har bayan teku sun yi yaƙi. Ya faɗa yana buga ƙirji, kamar shi ya je. Su tambaye ni mana yadda aka tafi. Ni na san yadda aka tafi, don ni na tura. Ba don tuta aka tafi ba, ba don an san abokin gaba ba. An tafi ne don wani mai gajeren wando ya ji haushin an yi wa gwiwarsa dariya.

Kowace shekara in watan cika-ciki ya kama, lokacin da taubasai ke neman juna da tsokana, nakan shirya in tafi Miga. Bara ma na je, jikana ya kai ni a babur. Na yi sallama na ce, "Ina bawana?" da ƙarfi, yadda kunnensa mai ji zai ɗauka. Ya fito yana dogara sanda, ya ce, "Na'am, Malam. An zo lafiya?"

Kafin in shiga ɗaki na tuɓe takalmana, na kai su har bakin rumbu na ajiye, ɗaya a nan ɗaya a can, inda ba yadda za a yi ya wuce bai gan su ba. Muka ci tuwo, muka yi zancen ruwan bana da tsadar taki. Ya fita alwala, na ji tafiyarsa ta nufi wajen rumbun, ta tsaya. Ya daɗe a wurin. Ina zaune ina roƙon Allah a zuci, kamar mai jiran haihuwa.

Da la'asar na yi sallama na fito. Na tarar da takalmana a ƙofar ɗaki, an goge musu ƙasa, an jera su daidai, an juyo da bakinsu wajen hanya yadda ake yi wa baƙo mai daraja.

Na sa su na tafi.